Kallon Kayan Mutanen Da: Hukuncin Ziyarar Kufai da Gidajen Tarihi

Garin Kazaure yana bisa hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Dambatta ta nufi Daura, saboda haka mutumin wannan masarauta yana zaune ne tsakanin wurare biyu da ake zuwa kallo saboda tarihi: Gidan Makama da badalar Kano ta kudu, da rijiyar Kusugu ta arewa. A 'yan shekarun nan kuma, da karatu da fatauci da neman magani suka riƙa kai 'ya'yan Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura manyan biranen Turai, an samu waɗanda suka shiga gidan tarihin Birtaniya da ke Landan suka tsaya gaban gumakan Masar da na Bini. Tambayar da ke biyo baya a zaurukan karatu ita ce ko ya halatta Musulmi ya ɗauki ƙafa takanas ya je kallon abin da wasu al'ummu suka bauta wa, in kuma ya halatta, mene ne ake so ya gani.

Nassosin da malamai ke kafa hujja da su sun zo ta fuska biyu. A surori da dama, kamar Ali Imrana da Rum da Gafir, Alƙur'ani ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, ya kuma ambaci cewa sun fi na bayansu ƙarfi da yawan abin da suka gina. Wannan dubawa ita malamai ke kira i'itibari, wato mutum ya ga abin da ya sami wani ya auna kansa da shi, abin da Bahaushe ke cewa ɗaukar izina. Ta ɗaya fuskar kuma, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a tafiyar yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, da rundunar Musulmi ta biyo ta Hijir, mazaunin Samudawa, Annabi (SAW) ya hana shiga gidajen waɗanda aka halaka sai dai a shiga ana kuka, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu. Hadisin bai rufe ƙofar ba, sharaɗi ya gindaya a kan halin zuciyar mai shiga. Akwai kuma hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi domin ibada ga masallatai uku, na Makka da na Madina da na Ƙudus, wanda a kansa Ibn Taimiyya ya dogara ya hana yin tafiya musamman domin ziyarar kabari, har aka tsare shi a Dimashƙa a 1326, Taƙiyyuddin Subki kuma ya rubuta masa raddi. Sai dai wannan saɓani, duk da zafinsa, a kan tafiyar neman lada yake. Bai taɓa tafiyar fatauci ko ta neman ilmi ba, kuma wanda ya sayi tikitin jirgi zuwa Landan ba lada yake nema a jikin dutsen Fir'auna ba.

Inda maganar ta yi tsauri shi ne hukuncin gunkin kansa. A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta aka gina karatun zaure a ƙasar Hausa, haramun ne a sassaƙa surar abu mai rai idan tana da inuwa, wato tana da jiki ba zane ce a bango ko takarda ba, kuma gaɓoɓinta sun cika; Shehu Ahmad Dardir, a sharhinsa na babin walima, ya ƙara da cewa kallon irin wannan sura ma haramun ne. Almajirin da ya sauke wannan babi a gaban malaminsa yana da hujja idan ya ja da baya a ƙofar ɗakin gumaka, kuma bai kamata a yi masa kallon wanda kansa bai waye ba. Amma akwai abin da ke gefe guda na ma'auni. Sahabbai sun ci Masar ƙarƙashin Amru ɗan Asi wajen shekara ta 641, suka zauna kusa da dalar Giza da katafaren gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, ga su nan kuma har yau. Abdullaɗif Bagadadi, wanda ya rasu a 1231, ya auna gine-ginen Masar ya bayyana su dalla-dalla, ya kuma zargi masu farfasa su domin neman dukiya. A farkon ƙarni na 20 Shehu Muhammad Abduh, muftin Masar, bayan ya ga yadda mutanen Sisiliya ke adana surori, ya rubuta cewa dalilin hanin shi ne toshe hanyar bauta da girmamawa, kuma inda wannan dalili ya kau, surar takan zama ma'ajiyar labarin al'umma. Ba dukan malamai suka bi shi a kai ba, amma a 2001, da Taliban ta ƙuduri rusa gumakan Bamiyan a Afganistan, cikin waɗanda suka je Kandahar domin hana ta har da Shehu Yusuf Ƙardawi.

Abin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi na biyu shi ne abin da gidan tarihi ke yi wa gunki. A babban zauren Masar na gidan tarihin Birtaniya akwai kai da ƙirjin Fir'auna Ramsis na biyu, dutse guda mai nauyin tan 7 da ɗoriya, wanda aka jawo daga gaɓar Nilu aka kai Landan a 1818. Ƙafafunsa suna can Masar, a ƙirjinsa na dama akwai huda, a gindinsa kuma an liƙa ɗan allo mai bayanin shekarunsa da lambar rajista, 'yan makaranta suna wucewa ta gabansa da jakunkuna a baya, wani na hamma, wani na ɗaukar hoto. Can gaba kaɗan ga bangayen fadar Ninawa, birnin da aka aiko Annabi Yunusa ga mutanensa, an yanko su an jera. Babu mai yanka, babu mai turare, babu mai durƙuso. Abin da aka sassaƙa domin a ji tsoronsa ya koma abin da ma'aikaci ke kaɗe wa ƙura, kuma da wuya a sami tafsirin ayoyin tafiya a bayan ƙasa da ya fi wannan fitowa fili.

Tarihin ƙasar Hausa kansa ya nuna cewa aibin ba a jikin abu yake ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin Dirki, wanda asalinsa Alƙur'ani ne da aka naɗe da fatu, aka riƙa yi masa yankan shanu domin neman nasara, har zamanin Alwali, sarkin da jihadi ya kawar. Idan Littafin Allah zai iya zama abin yi wa yanka saboda yadda aka ɗauke shi, to dutsen da aka taɓa yi wa yanka zai iya komawa dutse kawai idan ɗaukar ta canja, kamar yadda Dutsen Dala, mazaunin Barbushe da bautar Tsumburbura, ya zama wurin da yara ke hawa su hango birni. Yanka ga duwatsu da itatuwa yana cikin abin da aka yi muhawara a kai tsakanin Muhammadu Bello na Sakkwato da Shehu Laminu na Barno, a wasiƙun da Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisuri: Laminu yana ganin jahilci ne da saɓo, irinsa ma ana yi a Dimyaɗ ta Masar, Bello kuma yana ganin ya taɓa asalin imani. Masarautar Kazaure daga wannan jihadi ta fito, ta hannun Ɗantunku, wanda ya yi zaman Dambatta, ya yi jayayya da Sarkin Kano Ibrahim Dabo tun daga 1819, sannan ɗansa Dambo ya kafu a Kazaure, inda duwatsu suka zame wa ƙaramar masarauta garkuwa. Ba abin mamaki ba ne a ce gadon wannan zamani ya bar wa mutane ɗari-ɗari da duk wani wuri da ake taruwa a kewaye.

Daga nan ne wani abu ke fitowa wanda ba kasafai ake faɗinsa ba. Tabarruki, wato neman albarka ta hanyar taɓa wani abu ko sha daga gare shi, ya fi kusa da mai ziyara a gida fiye da a Turai. Babu Bakazauren da zai shafi gilashin da aka rufe gunkin Girka ya shafa a fuska. Amma a Kusugu akwai masu ɗiban ruwa su tafi da shi gida da niyyar waraka, a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato kuma an daɗe ana saɓani tsakanin malaman ɗariƙu da na Izala a kan iyakar abin da mai ziyara zai yi. Wannan saɓani na cikin gida ne, kowane ɓangare da hujjojinsa, kuma shi ne ainihin inda maganar Ibn Taimiyya da Subki take aiki.

Haɗarin Landan wani iri ne daban, kuma littattafan fiƙihu ba su ware masa babi ba. Gidan tarihin Birtaniya, wanda aka kafa a 1753 bisa tarin kayan likita Hans Sloane, mutumin da wani ɓangare na dukiyarsa ya fito daga gonakin rake na Jamaika da bayi ke nomawa, yana cire wa gumaka kwarjini ne ya mayar da shi kan wanda ya iya tattaro su. Turawan mulki sun san haka. A baje kolin daular Birtaniya da aka yi a Wembley a 1924 an gina birni mai ganuwar ƙasa irin ta Arewa, aka zuba masu sana'a daga Afirka ta Yamma suna aiki jama'a na kallo, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuma, wanda ya riga ya bi ta Ingila a tafiyarsa ta hajji a 1921, ya je a wannan shekara. A 1934 aka kai Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman, aka zaga da su wuraren da aka zaɓa domin su ga ƙarfin daular da ke mulkinsu. Abin da ake so baƙo ya koma da shi gida shi ne jin cewa waɗannan mutane ba a ja da su. Mai ziyarar da ya fito daga wannan gida yana raina kansa da garinsu ya faɗa cikin abin da ayoyin suka zo kawarwa, domin ruɗuwa da ƙarfin masu gini ita ce cutar al'ummar Adawa, ko da kuwa bai kalli gunki ko ɗaya da sha'awa ba.

Maganin wannan yana rubuce a ƙananan allunan da yawancin masu yawon buɗe ido ba sa tsayawa karantawa. A ɗakin Afirka, wanda ke ƙasan bene, an jera allunan tagulla na fadar Bini a jikin sanduna, bayaninsu kuma yana kai mai karatu ga 1897, shekarar da sojojin Birtaniya suka ci birnin suka kwashe dubban kayayyaki, shekara shida kafin su shiga Kano da Sakkwato a 1903. Jamus ta fara mayar wa Nijeriya nata kason a Disamban 2022, gidan tarihin Birtaniya kuwa yana kafa hujja da dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da kayan da ke hannunsa. A nan mai ilmin fiƙihu yana da abin cewa wanda ya fi batun inuwar sura nauyi, wato hukuncin gasabu, ƙwace dukiyar wani da ƙarfi, wanda daɗewa ba ta halatta shi. Daular da ta tara kayan ita ma ta naɗe tabarmarta daga Nijeriya a 1960, ta yadda ginin da kansa ya shiga sahun abubuwan da ake duba ƙarshensu.

Akwai ɗaki guda da wannan hujja duka ba ta wanke shi sarai ba, shi ne na gawarwakin Masar da ke saman bene, inda mutane ke cunkuso fiye da kusan ko'ina. Masu halattawa sukan kawo ayar Suratu Yunus da ta yi maganar tsirar da jikin Fir'auna domin ya zama aya ga na baya, amma ayar mutum ɗaya ta ambata, alhali waɗanda ke kwance cikin gilashin akwai firistoci da mata da ƙananan yara, shari'a kuma ta ba gawar ɗan Adam alfarmar sutura, har hadisi ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Shugaba Anwar Sadat ya sa an rufe ɗakin gawarwakin sarakuna a gidan tarihin Alƙahira a 1980 saboda irin wannan dalili, aka sake buɗe shi bayan shekaru. Tambayar ba ta tsaya a Masar ba: a Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani ta Katsina, yamma da Gwiwa, wani Bature mai suna Palmer ya tona tuddan kaburburan sarakunan farko a 1907, aka sake tonawa a 1992, daga baya aka kai kayan da aka samu birnin Mainz na Jamus domin gyara. Abin da aka sani game da cinikin ƙasar Hausa da ƙetaren Sahara kafin zamanin Sarkin Kano Rumfa ya ƙaru da wannan tono, kuma kabari aka buɗe kafin a same shi.