Yardar da Gajiya ta Haifa

A ranar 6 ga watan Janairu na 2022, hukumar CNIL, mai kula da kare bayanan jama'a a ƙasar Faransa, ta sanar da cewa ta ci kamfanin Google tarar yuro miliyan 150, ta kuma ci Facebook miliyan 60. Tarar Google kaɗai ta kai kimanin miliyar 98 na kuɗin sefa. Duk wanda ya ji wannan adadi zai zaci an kama kamfanonin da sata ko da ƙarya. Sai dai a kan maɓalli ɗaya aka hukunta su.

Ga yadda al'amarin yake. Idan mutum ya buɗe shafin intanet, akan tare shi da tambaya: ko ya yarda a ajiye masa «kukis» a cikin kwamfuta ko salula? Waɗannan ƴan ƙananan alamomi ne da ke bai wa shafi damar gane mai ziyara, wasunsu kuma suna bin sawunsa domin a san irin tallar da za a nuna masa. Dokar Turai ta ce sai da izininsa. Kamfanonin biyu suna neman izinin kuwa. Amma a wancan lokaci mai cewa «na yarda» latsawa ɗaya ta ishe shi, shi kuwa mai cewa «ban yarda ba» sai ya latsa sau da dama. A shafin Facebook, kamar yadda hukumar ta bayyana, mai son ƙi sai ya buɗe taga ta biyu, ya gangara har ƙarshenta, inda zai tarar da maɓallin da zai fitar da shi an rubuta masa «Accepter les cookies». Wato sai ya taɓa kalmar yarda kafin ƙinsa ya tabbata.

Tambayar da wannan hukunci ya tayar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Idan mutum ya ce «to» don ya gaji, ko don yana sauri, shin ya yarda ke nan?

Masu kare irin wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta raini ba ce. Sukan ce ba a yi wa kowa ƙarya ba, ba a rufe ƙofa ba, hanyar ƙi tana nan ga mai nemanta. Baligi mai hankali shi ke da alhakin abin da yatsansa ya latsa. Wanda bai iya ba da daƙiƙa talatin don kare sirrinsa ba, ashe sirrin bai dame shi ba.

Raunin wannan hujja shi ne ta ɗauki mutum kamar alƙali zaune a kan shari'a guda, alhali mai buɗe shafi ya zo neman wani abu ne dabam: labari, darasi, saƙon ɗan'uwa. Tambayar ta tare masa hanya ne kawai, kuma irinta za ta sake tare shi a shafi na gaba. Mai tsara shafin ya san da haka, kuma ba da ƙiyasi ya sani ba. Manyan kamfanoni sukan nuna wa rabin masu ziyara wani tsari, sauran rabin wani, su ƙirga wanda ya fi kawo «na yarda», su riƙe shi. Girman maɓalli, launinsa, wurin da aka ajiye shi, duk an auna su. Saboda haka gajiyar mai ziyara tana cikin lissafi tun kafin ya iso.

Kasuwar hatsi ta daɗe da sanin irin wannan. Ma'aunin da ya lotsa gindin tiyarsa bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Mai saye yana tsaye, idonsa biyu, yana iya karɓar tiyar ya juya ta ya duba. Duk da haka ba wanda ke kiran abin da wani suna sai algus, domin an gina cinikin a kan sanin cewa ba zai duba ba.

A shekarar 2010 wani masanin tsara shafuka ɗan Ingila, Harry Brignull, ya raɗa wa waɗannan dabaru suna mai ma'anar «baƙaƙen tsare-tsare», ya shiga tattara misalansu. Kotuna sun biyo baya a hankali. A watan Oktoba na 2019 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar kamfanin Planet49 na Jamus, ta yanke cewa akwatin da aka riga aka sa wa alamar yarda, aka bar wa mutum wahalar gogewa, ba izini ba ne. Hausawa na cewa shiru ma magana ce, amma kotun ta ƙi karɓar shirun da wani ya shirya wa mutum tun da farko. A Amurka, hukumar kare masu saye ta FTC ta kai ƙarar Amazon a 2023, tana zarginsa da sauƙaƙe shiga tsarin Prime mai biyan kuɗi, da wahalar da fita: shafi huɗu, latsawa shida, zaɓi goma sha biyar. Takardar ƙarar ta ce a cikin kamfanin ana kiran hanyar fitar da suna «Iliad», sunan doguwar waƙar Girkawa ta yaƙin Taroya (malaman adabi za su gane barkwancin, ko da bai ba su dariya ba). A watan Satumba na 2025 kamfanin ya amince ya biya dalar Amurka miliyar 2 da rabi, ba tare da ya amsa laifi ba.

Sai dai akwai wurin da maganar ke da wuya. Babu shafin da ba ya karkata mai ziyara zuwa wani gefe. Dole wani maɓalli ya zo farko, dole wani ya fi wani fitowa fili, kamar yadda magini ba ya iya gina ɗaki ba tare da ya zaɓi inda ƙofa za ta fuskanta ba. Sanya wahala a hanya ma ba kullum yake zama laifi ba. Kwamfutar da ke tambaya «ka tabbata?» kafin ta goge takardar da malami ya kwana yana rubutawa ta jinkirta shi, kuma alheri ta yi masa. Abin dubawa shi ne wanda jinkirin ke yi wa aiki. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: mai tsarin zai iya tsayawa gaban mai ziyara ya faɗa masa dalilinsa? «Na jinkirta ka don kada ka yi asarar aikinka» magana ce mai faɗuwa. «Na ɓoye maɓallin don na san za ka gaji» ba mai iya furta ta da rana tsaka.

Nauyin kuma ba daidai yake faɗa wa kowa ba. Shafukan da aka tsara don Faransa su ne ɗalibin Maradi ko na Damagaram ke buɗewa idan yana neman darasi. Yana karanta su da Faransancin da ya koya a aji, a kan ƙaramar fuskar salula, kuɗin intanet ɗinsa kuma yana tafiya. «Tout accepter» kalmomi biyu ne da ya sani. «Paramétrer» ko «intérêt légitime» kuwa sai ya tsaya ya yi tunani, lokacin tunanin kuma ba shi da shi. Dabarar da ke cin ɗan birnin Paris daƙiƙa goma tana iya cin wannan ɗalibi zaɓin gaba ɗaya, kuma shi ne ba zai taɓa rubuta wa wata hukuma koke ba.

Hukumar CNIL ta bai wa kamfanonin biyu wata uku su gyara, in ba haka ba su riƙa biyan yuro 100,000 a kowace ranar jinkiri. A watan Afrilu na 2022 Google ya fara sanya maɓallin «Tout refuser» a gefen na yarda, girmansu ɗaya, latsawa ɗaya, ya kuma soma da masu kallon YouTube a Faransa kafin sauran ƙasashen Turai.