ƘASA BA TA MANTUWA

 

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka abin da aka aikata ba mai gani ya tafi ke nan. To, ku saurari wannan labari.

A ƙarshen duniya ta arewa da ta kudu, wato Girinlan da Antatika, ƙanƙara tana taruwa hawa-hawa, kowace shekara da nata hawa. Masana suka haƙa ta, sai suka tarar da farar wuta mai yawa a hawan wajen shekarar 1258. Suka gane wani dutse ne ya yi aman wuta, amma wanne? Aka yi shekaru ana nema.

Sai a 2013 Franck Lavigne da abokan aikinsa suka nuna cewa dutsen Samalas ne, a tsibirin Lombok na Indunusiya, a 1257. Gawayin itatuwan da toka ta binne ya ba da lokacin. Tokar dutsen ta dace da ɓurɓushin cikin ƙanƙara. Tsohon littafin Babad Lombok, da aka rubuta a ganyen wani irin giginya, ya ambaci halakar birnin Pamatan.

Hayaƙin farar wutar ya hau can sama, ya bazu, ya rage hasken rana. A 1258 Ingila ta sha sanyi da ruwan da ya ɓata amfanin gona, yunwa ta tsananta a Landan, alhali mutanenta ba su taɓa jin sunan Lombok ba.

Ya ɗan'uwa, daga 1257 zuwa 2013 shekara 756 ta wuce, ƙasa ba ta manta ba. In ɗan Adam mai rauni ya iya karanta wannan shaida, ina ga Mahaliccinsa? Suratul Zalzala ta sanar da mu ranar da ƙasa za ta ba da labarin abin da aka yi a kanta.

Kuɗin ƙungiya da aka ba ka amana, bashin da ka yi shiru da shi, lungun zongo da kake laɓewa bayan isha'i, duk a rubuce suke. Kuma kamar hayaƙin Samalas, ɓarnarka tana kaiwa ga wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mayar da haƙƙin mutane yau, ka tuba tun ƙasa ba ta yi magana ba. Allah Ya sa mu dace, amin.