Musu a Ƙofar Ɗakin Jarrabawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a harabar makarantar sakandare ranar da ɗalibai suka fito daga jarrabawar ilmin halittu, musamman idan tambayoyin sun taɓo babin gado, wato yadda siffofin iyaye ke sauka ga 'ya'ya, ya san cewa tun kafin mai tsaron jarrabawa ya gama ƙirga takardu, yara sun riga sun rarrabu gungu-gungu a gindin dalbejiya, kowa na tambayar ɗan'uwansa abin da ya rubuta. Wannan al'ada ba ta da aibi, hasali ma muzakara ce, kuma malamanmu na zaure sun daɗe da sanin cewa karatun da ba a bita da abokai bai cika zama a ƙirji ba. Aibin yana shigowa ne ta ƙofar musu, a lokacin da yaro ya daina neman sanin amsar da ke daidai, ya koma neman a yarda cewa amsarsa ce daidai, alhali kuwa tsakanin waɗannan buƙatu biyu akwai tafiya mai nisa.

Ga misalin tambayar da ta saba raba kan ɗalibai. Miji yana da nau'in jini AS, matarsa ma AS, an haifa musu ɗan fari mai amosanin jini, wato SS. To, mene ne matsayin ɗan da zai biyo baya? Wani ya ce, "Wallahi ba zai samu ba, ai ɗaya ne cikin huɗu, kuma ɗayan ya riga ya fito." Abokinsa ya ce, "A'a, kowane ciki lissafinsa daban, ɗaya cikin huɗun nan tana nan." Na biyun shi ne a kan daidai, domin a kowace haihuwa uba yana ba da ɗaya daga ƙwayoyin gadonsa biyu, uwa ma haka, ba tare da la'akari da abin da aka bayar a cikin da ya gabata ba, kamar yadda kwabon da aka jefa sama ba ya tuna fuskar da ya faɗi a kanta ɗazu. Dalilin a fili yake, ana iya zana shi da tsinke a ƙasa cikin gida huɗu, AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Amma sai ka ga na farkon, maimakon ya durƙusa ya duba zanen, ya ɗaga murya, ya ce malam ma haka ya faɗa a aji, ya jawo na kusa da shi su zama shaidu, daga ƙarshe ya tuna wa abokinsa cewa a zangon da ya wuce ya fi shi maki, kamar dai makin baya yana da hurumi a cikin jinin mutane.

Abin da ya sa na ga wannan musu ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, babu wata riba da ke bayansa wadda za a yi wa mai shi uzuri da ita. Takarda ta riga ta fita daga hannunsa, an ɗaure ta, za ta tafi ga mai gyara wanda bai san shi ba, ko ta WAEC ce ko ta NECO, kuma da zai rinjayi makarantar duka da baki, maki ɗaya ba zai ƙaru ba. Ɗan kasuwar da ke musu a kan farashi yana kare kuɗinsa, mai shari'a yana kare gonarsa, shi kuwa wannan yaro ba abin da yake karewa sai girman kansa, saboda haka a nan ne ake ganin cutar tsirara, ba ta lulluɓe da wata maslaha ba. Imamu Gazali, a Kitabul Ilmi na littafinsa Ihya'u Ulumid Din, ya keɓe babi ga illolin munazara idan aka yi ta don rinjaye, ya lissafa hassada da kibri da ƙullata da riya cikin 'ya'yan da take haifa. Ko da yake manyan fuƙaha'u na zamaninsa yake nufi, wanda ya saurari 'yan shekara 17 a gindin bishiya zai ga cewa nafsu ba ta jiran mutum ya yi rawani kafin ta fara aikinta.

Abin mamaki, ilmin da ake musun a kansa an gina shi ne da ɗabi'ar da ta saɓa wa musu. Gregor Mendel, rahibin nan na birnin Brno a ƙasar Cek ta yau, ya shafe daga 1856 zuwa 1863 yana barbarar waken Turawa a lambun majami'arsu, yana ƙirga 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, har a gwaji guda ya ƙirga ƙwaya 7,324, ya samu 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji, wanda ya yi kusa ƙwarai da uku bisa ɗaya amma bai cika cif ba, kuma bai ɓoye hakan ba. A cikin waɗannan alƙaluma akwai amsar yaron namu da zai saurara: rabon ba ya bayyana sai an tara dubbai, 'ya'ya huɗu na gida ɗaya kuwa suna iya fitowa duka lafiya, suna kuma iya fitowa biyu ko uku da ciwon. Mendel ya buga sakamakonsa a 1866, ya aika wa Carl Nägeli, babban masanin tsirrai na Munich, wanda bai ga girman abin da ke hannunsa ba. Ya rasu a 1884 ba a san darajarsa ba, sai a 1900 wasu masana uku suka tono aikin. Ƙirgarsa ce ta tsaya masa bayan ransa, a lokacin da ba shi da bakin yin gardama.

Kada a ɗauka ina kiran yaro ya saki amsarsa da zarar an yi masa tsawa, domin wannan ma rauni ne, kuma sau da yawa mai gaskiya a irin wannan gungu shi ne mai ƙaramar murya. Tsayuwa a kan hujja daban, tsayuwa a kan kai daban, kuma alamar da ke rarrabe su ba ta da wuyar gani: mai hujja yana murna idan aka ce a buɗe littafi, mai musu kuwa sai ya tuna yana sauri.

Sai dai wannan kuskure na lissafin ɗaya cikin huɗu ba ya ƙarewa a takarda, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da amosanin jini, wadda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta ke ɗauke da AS, har jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024. Yaron da ya bar harabar makaranta ya rinjayi abokinsa da baki, ya tafi gida da jahilcinsa ya ƙara kauri, domin yanzu ya zama ra'ayin da ya kare a gaban jama'a, wanda janye shi abin kunya ne a wurinsa. Bayan shekara goma shi ne zai riƙe takardar asibiti a hannu, ko kuma ƙanwarsa ta zo neman shawararsa a matsayinsa na wanda ya yi boko a gidan, ta ce, "Yaya, tun da na farin ya samu, sauran za su tsira ko?" Zai amsa mata da yaƙinin nan da ya amsa wa abokinsa da shi, ita kuwa ba ta da littafin da za ta ce a buɗe.