Ladabin Shiga Kufai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata al'ada da ta shigo a wannan zamani wadda ya kamata malamai da iyaye su dube ta da idon basira. Tun da wayar hannu mai ɗaukar hoto ta shiga aljihun babba da yaro, samari da 'yan mata suka sami sana'ar ɗaukar gajeren bidiyo na ban dariya ko na ban mamaki, su zuba a TikTok da Facebook da YouTube, domin a kalla a yaba musu, wani lokaci ma har a biya su. Cikin wuraren da masu wannan sana'a suke so a duniya akwai kufan tsofaffin birane da kangayen da ke cikin hamada. Sai a ga mutum ya hau rusasshiyar ganuwa yana rawa, ko ya tsaya a bakin kabarin da aka sassaƙa cikin dutse yana barkwanci. To, shin ya halatta ga Musulmi ya mai da kufan waɗanda suka shuɗe wurin shaƙatawa? In kuwa ya halatta, ina iyakar abin?

Wannan tambaya ta shafi mutanen ƙasar Kabi ta fuska biyu. Garin Ambursa, wanda ke kan hanya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, shi ne mazaunin filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, inda maniyyatan jihar ke tashi zuwa Ƙasa Mai Tsarki, kuma daga nan ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a shekarar 2024. A can Ƙasa Mai Tsarkin, fiye da kilomita 300 arewa da Madina, akwai kufan Hijiri, wanda ake kira Mada'inu Salihu, kusa da garin Al-Ula. A nan gida kuma, wanda ya bi gulbin Rima ya yi sama, ya wuce Argungu ya shiga Jihar Sakkwato, zai tarar da kufan Surame, tsohon birnin Kanta. Waɗannan kufai biyu hukuncinsu ba ɗaya ba ne, kuma a cikin bambancinsu amsar take.

A fara da na Hijiri. Alƙur'ani Mai girma ya ba da labarin Samudawa, mutanen Annabi Salihu, waɗanda suka kasance suna sassaƙa gidaje cikin duwatsu suna ganin sun aminta daga kowace masifa, har suka soke taguwar da aka ba su a matsayin aya, aka halaka su. Sura guda ma sunan wurin nan aka sa mata. A shekara ta 9 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta nan da rundunarsa a kan hanyar Tabuka. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen da aka yi wa azaba sai fa in suna kuka, don gudun kada abin da ya same su ya shafi mai shiga. Shi kansa ya lulluɓe kansa, ya gaggauta abin hawansa har ya fita daga kwarin. Ya kuma yi umarni a zubar da ruwan da aka ɗiba daga rijiyoyin wurin, a ba raƙuma ƙullin da aka kwaɓa da shi, a koma ɗiba daga rijiyar da taguwar ke sha.

Masu binciken kayan tarihi sun ce kaburburan nan fiye da 100 da ake gani yau a Hijiri aikin Nabatiyawa ne, watau mutanen da suka sassaƙa birnin Petra na ƙasar Jodan, kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Wannan bayani bai kawar da hukuncin ba, domin Manzon Allah a kan kwarin ya yi magana, ko da wa ya zauna cikinsa bayan Samudawa. A shekarar 2008 Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya, shi ne na farko a Saudiyya. A 2019 ƙasar ta fara ba da bizar yawon buɗe ido, aka kuma gina wani katafaren zauren taro a yankin Al-Ula mai suna Maraya, wanda jikinsa duk madubi ne. A 2020 aka yi bikin nuna fasaha a cikin rairayin yankin, inda aka ga dala da aka tara da akwatunan roba, da wasu faifan tsalle da aka binne cikin yashi kamar kududdufai. Hotunan waɗannan abubuwa sun zagaya duniya. Mahajjaci ko mai Umara da ya ga bidiyon ya yi sha'awar zuwa, sai ya tuna cewa wanda ya zo ziyarar kabarinsa a Madina ya gaggauta fita daga wannan kwari, bai yi raha a cikinsa ba. Malamai da yawa sun yarda a shiga Hijiri don wa'aztuwa, cikin tsoro da ƙasƙantar da kai. Amma a yi annashuwa a inda aka saukar da azaba, wannan ya saɓa wa abin da hadisin ya zo da shi a sarari.

Surame kuwa dabam yake. Babu wani nassi da ya ce an halaka mutanensa da azaba daga sama. Birni ne da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, bayan ya raba gari da Askiya Muhammadu na Songhai wajen shekarar 1516, ya kuma kare kansa daga rundunar da aka aiko masa. Ya kewaye birnin da ganuwar dutse wadda har yau ana ganin ragowarta, ya tsare shi daga mayaƙan Borno, sunan Kabi ya ɗaukaka a Ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarin Kanta da garuruwansa a cikin Infaƙul Maisuri. Wajen farkon ƙarni na 18 aka tashi daga Surame aka koma Birnin Kebbi. A 1805 Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, daga baya sarautar Kabawa ta zauna a Argungu. Aka daɗe ana gwabzawa tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato, har Turawa suka zo suka rufe kowa da mulkinsu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, wanda ya zama na shekara-shekara.

Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Cikin ɗan wannan kwari mulki ya sauya mazauni sau da yawa, kuma kowane mai mulki a lokacinsa yana ganin ganuwarsa ta ishe shi. Irin wannan dubawa ce Alƙur'ani ya yi ta maimaita umarni da ita, a Suratu Ali Imrana da Suratur Rumi da wasunsu, cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen na farko ya kasance, alhali sun fi na baya ƙarfi da yawan gine-gine. Saboda haka zuwa Surame abu ne mai kyau, har ma ana iya samun lada a kansa in niyya ta gyaru. Gwamnatin Tarayya ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964, kuma ya shiga jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO a 2007. Haka nan Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda dā fadar sarki ce, an buɗe shi ga jama'a tun 1958. Ɗan makarantar da bai taɓa ganin waɗannan ba an tauye masa wani abu na iliminsa.

Wani zai ce, to, ai nishaɗi ba haramun ba ne. Gaskiya ne. Manzon Allah ya tsaya ya kare Nana A'isha da mayafinsa tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a cikin masallaci. Da sahabi Hanzala ya zo yana zargin kansa da munafunci don yana komawa gida ya shagala da iyali, sai aka kwantar masa da hankali, aka nuna masa cewa kowane hali da lokacinsa. Musulunci bai ce a yi ta ɗaure fuska ba. Hasali ma gajeren bidiyo yakan kai labari inda littafi bai kai ba. Yaron da ya tashi daga Ambursa da wayarsa ya je Surame, ya nuna ganuwar, ya faɗi wanda ya gina ta da yadda aka bar ta, yana iya sanar da dubban mutane abin da ba su taɓa ji ba, ko da ya haɗa da ɗan raha. Abin da ake jin tsoro shi ne halin wannan kasuwa, domin abin da ya fi ba da dariya ko tsoro shi ya fi samun masu kallo, mai ɗauka kuma yakan bi abin da ke kawo masa masu kallo, har kufan ya zama bango kawai da ake tsayawa gabansa. Mai kallo ya yi dariyar daƙiƙa talatin, ya goge da yatsa ya wuce, bai san an taɓa yin mutane a wurin ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ya wuce gona da iri ta ɗaya gefen, masu ganin duk abin da ya saura na mutanen dā sai a rushe shi. A 2012 wasu masu ɗauke da makamai suka rusa hubbarorin malamai a Timbuktu, har Kotun Duniya ta ɗaure ɗaya daga cikinsu shekara 9 a 2016. A 2015 aka fasa gine-ginen Tadmur a Siriya. Amma sahabbai sun buɗe Masar a ƙarƙashin Amru ɗan Asi, suka tarar da dalar Fir'aunoni, suka bar ta tsaye. Manzon Allah ma da ya wuce Hijiri bai ce a rushe ba. Allah da kanSa Ya ba da labari a Suratu Yunusa cewa Ya tsirar da gawar Fir'auna don ta zama aya ga na baya. In aka kawar da aya, da me za a yi wa'azi? Mai rushewa da mai shashanci sun yi tarayya a abu ɗaya, kowannensu ya hana kufan yin aikin da aka bar shi dominsa.

Saboda haka wanda zai shiga kufai da wayarsa, ko zai kalli abin da wani ya ɗauko, ga abubuwan da ya kamata ya kiyaye.

Na farko, ya san irin wurin. In wurin azaba ne da nassi ya ambata, kamar Hijiri, to, babu wasa a cikinsa ko kaɗan. In tsohon gari ne kamar Surame, akwai sauƙi, amma da natsuwa.

Na biyu, ya kiyaye alfarmar matattu. Duk inda gari ya daɗe akwai maƙabarta, ko da alamarta ta ɓace, kuma an hana zama a kan kabari, balle taka shi da rawa. A harabar Gidan Tarihi na Kanta akwai kaburburan sarakuna, jikokinsu kuma suna raye a garin.

Na uku, kada ya ƙaga labari. Da yawa sukan ƙirƙiro zancen aljanu ko na ɓoyayyiyar dukiya don su ja masu kallo, alhali hadisi ya yi kakkausan gargaɗi ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Ƙaryar da aka faɗa a zaure mutum goma ke jin ta, wadda aka sa a intanet kuwa takan rayu bayan mai ita ya mutu, zunubinta yana bin sa. Zancen dukiya kuma shi ke sa wasu su tafi da diga su tone abin da ba ya gyaruwa.

Na huɗu, kada ya ɓata ko ya ɗauke kome. Dutse ɗaya da aka zare daga ganuwa, ko suna da aka kankara a jikinta, cin amanar waɗanda ba a haifa ba ne tukuna.

Na biyar, ya tuna da talakawan da suka yi aikin. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana cewa manyan gine-gine suna nuna ƙarfin daula ne da yawan hannayen da ta iya tarawa. Labarin baka na ƙasar Kabi yana cewa Kanta ya tilasta wa ƙasashen da ke ƙarƙashinsa su zo aikin ganuwar, har Nufawa da suka makara aka sa su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗe maimakon ruwa. Sunan Kanta ya saura, sunayen masu ɗaukar dutse sun ɓace, amma a wurin Allah babu wanda aka manta, kuma kowane mai mulki za a tambaye shi yadda ya yi da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Wannan darasi ya fi kamata ga masu riƙe da al'amuran jama'a a yau, waɗanda su ma suke gina nasu manyan gidaje.

Ma'aunin da ya tattara waɗannan duka shi ne mutum ya dubi zuciyarsa bayan ya fito daga kufan, ko bayan ya ajiye wayar. In ya ji ya ƙara sanin cewa duniya aro ce, ya ji tausayin na dā da tsoron nasa ƙarshe, to, ziyararsa ta yi amfani, ko da ya yi murmushi a hanya. In kuwa abin da ya dame shi shi ne mutum nawa suka kalla, to, ya sake niyya kafin ya koma. Waɗanda suka zauna a Surame su ma sun yi kasuwa, sun yi biki da kiɗa, ba su kuwa zaci wata rana bishiyoyi za su tsiro a tsakar gidajensu ba.

Allah Ya sa a zama masu wa'aztuwa da abin da ya sami wasu, Ya jiƙan Musulmin da suka riga mu gidan gaskiya, Ya shiryi matasa ga abin da zai amfane su duniya da Lahira, amin.