Haƙƙin Tsoho da Tsohuwa a kan Mai Bin Almasihu

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka karɓi baftisma, ko kuwa har yanzu kana cikin masu tambaya, akwai wata magana da nake so in ajiye a gabanka, gama na ga tana damun masu bi ƙwarai a wannan ƙasa tamu ta Daura. Maganar kuwa ta mutum biyu ce, tsohon da ya haife ka da tsohuwar da ta goye ka. Suna nan a gida, a Kongolam ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ƙarfinsu ya ragu, 'ya'ya sun watse, wannan yana cin rani a Kano, wancan yana Legas, autarsu tana aure a ƙetaren iyaka wajen Matamaye. Kai kuwa ka bi hanyar da ba tasu ba. To, yanzu mene ne ke tsakaninka da su?

Waɗansu sababbin masu bi sukan ji an karanta Bisharar Matiyu sura 10, inda Ubangiji ya gargaɗi almajiransa kada son uwa da uba ya sha gaban nasa, sai su ɗauka an sallame su daga gida ke nan. Wannan kuskure ne babba. Gargaɗin nan na ranar da za a ce maka ka yi musun Almasihu ne, a ranar nan kuwa ba za ka yi ba, ko wane ne ya faɗa. Amma irin wannan rana ba kullum take zuwa ba. Sauran kwanakin shekara na ɗebo ruwa ne, da gyaran danga, da gaisuwar safe.

Tun shekara ta 1932 muna da Littafi Mai Tsarki dukansa cikin harshen Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa, saboda haka ba sai ka dogara ga bakina ba. Ka buɗe Fitowa sura 20, za ka tarar girmama iyaye yana cikin Dokoki Goma, ba a kuwa sa sharaɗin sai in addininku ɗaya ba. Sa'an nan ka duba Markus sura 7. A can Ubangiji Yesu ya tsauta wa malaman da suka koya wa mutane wata dabara, mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah, shi ke nan ya kuɓuta. Ubangiji bai karɓi wannan ba ko kaɗan. Wanda ya kawo dami uku majami'a ranar godiyar kaka, alhali rumbun ubansa babu ko zangarniya, dabarar malaman nan ya yi, ko da bai sani ba.

Bari mu bi shekara kamar yadda tsofaffin nan biyu suke bin ta, mu fara da bazara, gama a nan ne nauyin ya fi yawa. Bikin Ista, na tashin Ubangijinmu daga matattu, yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura, ana kuma sharar gona. Ka san ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne, ba ta riƙe ruwa, in kuwa ba taki gero ba ya yin kai. Dole a tumɓuke tushiyar bara, a tara a ƙone, a kwashe takin awaki da tokar murhu daga gida a kai gona, ko da mangala a kan jaki ko da amalanke. Aikin nan na mai ƙarfi ne. Mutumin da ya ba saba'in baya in ya yi shi shi kaɗai cikin ranar Afrilu, sai damina ta same shi a kwance. Saboda haka in an tashi daga sujadar Ista, kada ka bari mako ya zagayo ba ka taka gonar ubanka ba. Kada ka jira ya roƙe ka. Ba zai roƙa ba, kunya da fushi sun haɗu sun rufe masa baki.

Amma fa ka lura da wani abu, domin masu kirki da yawa a nan suke tuntuɓe. Kada ka ƙwace masa gonar da sunan taimako. Tsohon da aka ce masa ya zauna a inuwa ya huta, ba a shawartarsa a kan kome, an binne shi ke nan da ransa. Shi ya san inda ruwa yake kwanciya, ya san gefen da ƙuduji yake fitowa, ya san zangarniyar da ya ware tun kaka domin iri. In ya ce kada a taɓa gawon da ke tsakiyar gona, ka bar shi, gama gawo yakan zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, geron gindinsa kuwa ya fi na ko'ina, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. In ya ce a yi binne, wato a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, kai kuwa kana tsoron kada yayyafi ya tsirar da shi rana ta ƙone, ka faɗi naka sau ɗaya cikin ladabi, sa'an nan ka yi yadda ya ce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar shuka kai ka riƙe sungumi kana sara, ka bar masa ƙoƙon iri yana biye da kai, yana zubawa yana rufewa da ƙafa. Nauyin yana hannunka, girman yana nasa.

Ga wata tambaya da akan yi mini kowace shekara. Ruwan shuka yakan zauna wajen watan Yuni, ba ya kuwa duba kwanakin mako. In ya sauka daren Asabar, rairayi kuma ba ya jira, me mai bi zai yi ranar Lahadi? Ga abin da na gani. Ka je sujada da sassafe, kada ka bar ta. In an tashi, ka ɗauki sungumi ka tafi gonar tsohon. Ubangiji da kansa, cikin Luka sura 14, ya tuna wa masu zarginsa cewa ba wanda zai bar dabbarsa cikin rijiya domin ranar hutu ce. Abincin shekara na tsofaffi biyu ya fi sa daraja. Amma taka gonar, kai mai ƙarfi, ta jira Litinin. Haka kuma kasuwar Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi: in tsohon yana da akuyar da zai sayar ya sayi taki ko magani, ka kai masa bayan sujada, ka kawo masa kuɗinsa cif da cif. Wannan dabam yake da mai barin taron masu bi domin neman ribar kansa.

Tsohuwa ita ma tana da gonarta, ko da yake ba a kiranta gona. 'Yar shuka ce a bayan ɗaki: kuɓewa, yakuwa, rama, kabewa tana hawan danga, da zogale ɗaya ko biyu kusa da inda ruwan wanka yake bi. Maza sukan raina ta, amma daga nan miyar gida take fitowa, daga nan kuma take samun 'yan kuɗin goro da na gudummawar biki. Abokan gabanta awaki ne da kaji. Ka sari ƙaya, ka kawo kara, ka toshe dangar kafin ruwa ya sauka. Ke kuma 'yar'uwa, in surukarki ce, kada bangaskiyarki ta cire miki kunya. Ki durƙusa ki gaishe ta kamar dā, ki cika mata randa, ki karɓi taɓarya daga hannunta. Labarin Rut da surukarta Na'omi yana cikin Littafi Mai Tsarki, sura huɗu ne kawai, ki sa a karanta miki.

Yanzu sai maganar bukukuwa, inda zuciya ta fi yin rauni. Shekarar Musulunci ta gaza tamu da kwana goma ko sha ɗaya, saboda haka Sallah tana zagaya shekara, wani lokaci ta haɗu da namu bukukuwa. A shekara ta 2024 Ista ta faɗo ran 31 ga Maris ana tsakiyar azumi, Ƙaramar Sallah kuwa ran 10 ga Afrilu. In haka ta faru, kada ka zauna tsakar gida kana ci kana sha a gaban mai azumi. Ba doka ce a kanka ba, ladabi ne. In kana da hali, ka sayo musu gero da sukari na kunun buɗa baki, gama azumin bazara yana da wuya ga tsoho.

Ranar Sallah ba za ka bi sahu a filin idi ba. Yin haka riya ce, gama kana nuna wa mutane abin da ba shi ne a zuciyarka ba, Musulmin kirki ma ba zai gode maka ba. Amma in sun sauko, ka sa rigarka mai kyau, ka je ka durƙusa ka ce, Baba, barka da Sallah. Inna, barka da shan ruwa. Gaisuwa ba ta warware baftisma. In ka iya ɗinka musu sababbin tufafi, ka ɗinka. In tsohon yana marmarin ganin hawan Sarki a Daura, ko hawan Sallar Gani wanda aka san birnin da shi, ƙafa kuwa ta gaza, ka nema masa abin hawa, ka tsaya kusa da shi cikin turmutsutsu. Kallon dawaki ba sujada ba ne.

Naman layya fa? A nan masu bi sun rabu, ba kuwa zan ɓoye maka ba. Manzo Bulus ya yi dogon bayani a kan abinci da lamiri cikin Romawa sura 14, ka karanta a natse. Nawa ganin shi ne, in uwarka ta aiko maka da nama, ƙauna ta aiko, ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya. In zuciyarka ta natsu, ka ci da sunan Ubangiji. In ba ta natsu ba, ka ba mabukaci a asirce. Abin da ba na so in ji shi ne an mayar da kwano, ko an zubar a gaban yaron da aka aiko. Wannan raunin yakan yi shekaru bai warke ba. Amma in iyayenka masu bin al'adar gargajiya ne, aka yanka wa iskoki a gindin tsamiya ko a bakin gona domin neman damina, wannan ba ka da rabo a ciki, ba ka riƙe wuƙa, ba ka ci. Ka ce, Baba, ka gafarce ni, wannan ba zan iya ba. Gobe da asuba kuwa a gan ka a gonarsa.

Kirsimeti, ran 25 ga Disamba, yakan zo da hunturu, an gama kaka. Akushin farko na shinkafa da nama gidan iyayenka zai tafi, kafin na maƙwabta, kafin na malamin majami'a. Ka sa Musulmi ya yanka dabbar, domin su ci ba tare da shakka ba. Kada burukutu ya kusanci gidanka, gama in sun ga buguwa a bikinmu, me za su ce game da Wanda muke yi wa bikin? Ka haɗa da bargo ko itacen jin ɗumi, sanyin Disamba yana shiga ƙashin tsoho. Ka kuma aika jikoki su kai, su yini a can. Sau da yawa ƙofar da aka rufe wa ɗa akan buɗe wa jika. In suka tambayi dalilin bikin, ka faɗa musu a taƙaice, da murya ƙasa. In ba su tambaya ba, kada ka mai da akushi ya zama tarko. Ba a sayen mutum da shinkafa, Ruhun Allah ne yake jawo zuciya.

Na san akwai wanda zai ce, Malam, duk wannan na wanda aka bari ya shiga gida ne, ni an kore ni, an ce kada in ƙara taka zaure. Ɗan'uwana, ban raina zafin da kake ji ba. In akwai hatsari ga ranka, kada ka je, Ubangiji bai ce ka jefa kanka ba. Amma zumunta a ƙafa take, in taka ba ta isa ba, ka ari ta wani. Akwai kawu, akwai gwaggo, akwai abokin ubanka na ƙuruciya. Ka ba su kuɗin taki su kai, ko su faɗi sunanka ko kada su faɗa. Ka biya 'yan ƙwadago su yi masa noman fari da maimai. Mu mutanen bakin iyaka mun san wannan dabara. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, aka sake rufewa a 2023, mutanen Kongolam da 'yan'uwansu na wajen Damagaram ba su daina jin labarin juna ba, saƙo bai daina isa ba. In zagi ya dawo maka, kada ka rama. In kuwa kai ɗan fari ne, ka tuna uwarka ba ta taɓa kiran sunanka a fili ba tun kana jariri, saboda kunya. Kada ka ɗauki shirunta na yanzu a kan ƙiyayya.

Akwai kuma tsofaffi a cikin ikilisiya kanta, mata da miji da suka bi Almasihu, dangi suka janye, ba mai share musu gona. Waɗannan iyayenmu ne duka. Ubangiji yana kan gicciye ya danƙa uwarsa ga almajirin da yake ƙauna, almajirin kuwa ya kai ta gidansa. Kakanninmu sun bar mana gayya, ba sai mun ƙago wani abu sabo ba. Dattawan ikilisiya su sa rana tun kafin Ista, a sanar a majami'a, samari su zo da fartanya da jaki, mata su kawo fura daga gidajensu domin kada nauyin ciyarwa ya faɗa kan masu gonar. In gonar maƙwabcinsu tsoho Musulmi tana gefe ba a share ba, rana kuwa ba ta yi tsaka ba tukuna, a tambaye shi izini, a ƙetara kunya a share ta ita ma.