Haƙƙin Muzurun da Na Kulle

Kwana uku da dawowarmu Riyad daga hutun da muka yi a Katsina, na shimfiɗa dardumata zan yi shafa'i da wuturi, sai na ji danshi a ƙarƙashin ƙafata. Warin kaɗai ya gaya mini ko aikin wane ne. Muzurun gidanmu, wanda autata ta raɗa wa suna Gambo, shi ne ya yi fitsari daidai inda nake tsayuwa. Na kama shi ta ƙeya, na dangwara hancinsa a wurin, na zabga masa silifa, na jefa shi banɗaki na rufe. Yarinyar tana kuka, ni kuwa ina ganin hukunci ya yi daidai da laifi. Washegari ya sake, bayan kwana biyu ya kuma. Cikin mako guda sau huɗu ana wanke dardumar nan, har na yanke shawarar in sa shi a mota in sauke shi kusa da kwandunan shara na wata unguwa mai nisa, inda 'yan'uwansa marasa gida suka yi yawa.

Maman yara ce ta tare ni. Ta ce ta lura gashin cikinsa ya zube saboda yawan lasa, yana kuka in ya tsuguna a akwatin yashinsa, kuma ta ga alamar jini a fitsarin. Da ƙyar na yarda muka kai shi wani asibitin dabbobi a nan cikin gari, ina tafe ina jin kunyar kada wani ɗan'uwa ya gan ni ɗauke da kyanwa a kwando.

Likitan ya duba shi, ya gwada fitsarin, ya ɗauki hoton mafitsararsa, bai sami tsakuwa ko ƙwayar cuta ba. Sai ya ja kujera ya shiga yi mini tambayoyin da ban zata ba. Me ya sauya a gidan kwanan nan? A ina akwatin yashin yake? Wa ke wasa da shi? Na ce mun yi tafiyar mako shida, mun bar shi a gida, mai gadi yana shigowa kullum ya zuba masa abinci da ruwa, na'urar sanyaya ɗaki ma a kunne muka bar ta. Na faɗi haka da ƙarfin gwiwar wanda ya sauke nauyi. Likitan ya ce, "Malam, abinci ka bar masa. Amma mako shida bai ji muryar wanda ya sani ba. Kuka dawo lokaci guda da akwatuna da baƙi da hayaniya, sannan aka fara dukansa."

Ya bayyana mini cewa akwai kumburin mafitsara da ke kama kyanwoyi ba tare da ƙwayar cuta ba, kuma damuwa na cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi. Dabbar tana jin zafi in za ta yi fitsari, sai ta ɗauka akwatin ne ke cutar da ita, ta koma neman wuri mai laushi mai ɗauke da ƙamshin mutumin da ta saba da shi. Abin da na ɗauka raini ne, ashe neman mafaka ne. Ya ƙara da gargaɗin da nake so duk mai muzuru ya riƙe: in namiji ya yi ta yunƙuri fitsari bai fito ba, hanyar na iya toshewa, kuma toshewar na iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku in ba a gaggauta kai shi asibiti ba. Game da dukan kuwa, ya ce kyanwa ba ta haɗa hukunci da abin da ta aikata ɗazu. Darasi ɗaya Gambo ya koya daga silifana, shi ne cewa ni abin tsoro ne, tsoron kuma ya ƙara hura cutar.

Daga baya na fahimci wannan fanni ne mai zaman kansa a likitancin dabbobi, wanda ke duba ɗabi'arsu da damuwarsu. A Amurka an amince da shi a matsayin ƙwarewa ta musamman tun 1993. Wani likita a Jami'ar Jihar Ohio, Tony Buffington, ya shafe shekaru yana nazarin irin ciwon Gambo, ya nuna cewa gyara muhallin kyanwa yana rage dawowar ciwon ƙwarai. Kafin nan ma, a Ingila, rahoton kwamitin Brambell na 1965 ya aza harsashin abin da daga baya aka tsara a matsayin 'yanci biyar na dabba: kuɓuta daga yunwa da ƙishirwa, daga takurar mazauni, daga ciwo da rauni, daga tsoro da ƙunci, da samun damar yin ɗabi'ar da aka halicce ta a kai. Na biyun ƙarshe su suka tsaya mini a rai, domin su ne ban taɓa lissafawa ba.

Tambayar da na kwana da ita ke nan, 'yan'uwa: wanda ya kulle dabba a gidansa, ciyarwa da shayarwa sun isa su sauke masa nauyinta, ko kuwa za a tambaye shi har game da kwanciyar hankalinta?

Dukanmu mun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Kafin tafiyarmu na tuna da shi, shi ya sa na biya mai gadi. Amma da na sake dubansa, sai na ga ƙofofi biyu aka ambata da matar ta rufe: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta a doron ƙasa ba. Laifin ya faro ne daga ɗauri. A gidanmu na Katsina inda na tashi, kyanwa ba ta taɓa rasa ƙofa ta biyun ba. Tana hawa katanga, ta kwana a kan rumbu, ta yi farautar ɓera a ɗakin ajiya, ta tona ƙasa a bayan gida ta binne kashinta. In yara sun dame ta, sai ta tsallaka gidan maƙwabta har su huce. Kakanninmu ba su buƙaci likitan ɗabi'ar kyanwa ba domin tsakar gida da zaure da katanga sun ɗauke musu aikin. Ni kuwa na ɗauko halittar nan na sa ta a hawa na uku, tagogi a rufe saboda zafin Riyad da ke wuce digiri 43 a watan Yuli, ba ƙasa, ba ɓera, ba maɓoya. Duk abin da tsakar gida ke ba ta kyauta ya dawo wuyana tun ranar da na juya makulli.

Sunna kuwa ba ta tsaya kan ciki ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, uwar ta zo tana ta kaɗa fikafikai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. Tsuntsuwar nan ba yunwa take ji ba, ba a kuma ji mata rauni ba. Firgicinta kaɗai ya isa a ba da umarni. Shi dai Abu Dawud ya kawo labarin raƙumin wani Ba'ansare da ya zubar da hawaye da ganin Annabi, ya shafa shi har ya natsu, sannan ya nemi mai shi ya yi masa faɗa. Malamanmu kuma sun karhanta wasa wuƙa a gaban dabbar da za a yanka, da yanka wata a gaban wata. Dabbar da saura mata ɗan lokaci kaɗan a duniya, shari'a ta damu da kada a tsorata ta. Ina ga wadda za ta shekara goma sha biyar a ƙarƙashin rufinka?

Da na ba da labarin nan bayan sallar Juma'a, wani dattijo a cikin jama'armu, wanda ya fi shekara talatin a ƙasar nan, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, ka ji tsoron Allah. A ƙauyenku akwai matar da za ta haihu yau ba ta da kuɗin mota zuwa asibiti. Akwai masu taɓin hankali a ɗaure da mari ba wanda ya duba su. Kai kuma kana ƙirga riyal a kan damuwar kyanwa?" Na ce, "Baba, gaskiya ka faɗa," domin gaskiyar ce. Ɗan Adam yana gaba, kuma wanda ya hana mahaifiyarsa kuɗin magani ya kai wa mage, ya juya ma'auni. Na ga gidajen da ake saya wa kyanwa tufafi alhali mai aikin gidan ba ta karɓi albashinta ba, kuma ba na kiran wannan tausayi.

Sai dai maganar Baba hujja ce a kan ɗauko dabbar tun farko. Ba ta zama izinin wulaƙanta wadda ka riga ka ɗauko ba. Ba wanda ya wajabta mini riƙon muzuru. Ni na shiga kanti da ƙafata don in faranta wa 'yata. Da na ce mata a'a, na aika kuɗin gida, da ban yi laifi ba. Amma tun da na ɗauka, ya zama amana, kuma talaucin ƙauyenmu ba zai zama uzurina ba in aka tambaye ni, musamman da yake ba ƙauyen na aika wa kuɗin da na tsimi ba lokacin da nake dukansa. Ga shi kuma akasarin abin da likitan ya rubuta ba na kuɗi ba ne. A ƙara akwatin yashi ya zama biyu, domin ƙa'idarsu ita ce adadin kyanwoyin gida a ƙara ɗaya. A ɗauke shi daga gefen injin wanki, a riƙa kwashe shi kullum. A ba shi wuri mai tudu da kwalin da zai ɓuya, a yawaita masa ruwa da abinci mai laima, a yi wasa da shi na ɗan lokaci safe da yamma, a nesanta shi da hayaƙin turaren wuta. Sannan a daina duka.

Na tambayi likitan ko ba wata ƙwaya da za ta gama zancen. Ya ce akwai. Maganin da ake kira fluoxetine, wanda ake ba mutane masu ciwon damuwa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 2007 don karnukan da ke firgita in an bar su su kaɗai, kuma likitoci kan ba kyanwoyi shi in hali ya kai. Amma ya ƙi rubuta mini, ya ce in fara gyara gidan. Na ji haushi a lokacin, yanzu ina ganin hikimarsa. Ƙwayar da aka ba dabba don tsoronta ya sauka har ta iya koyon sabon hali, jinƙai ce. Wadda aka ba ta don ta yi shiru a cikin yanayin da ke cutar da ita, mu muka sha amfaninta. Na taɓa ganin aku a gidan wani aboki, irin mai toka-toka da jan wutsiya da ake kamowa daga dazuzzukan Afirka, ya tsige gashin ƙirjinsa tas. Tsuntsun da Abubakar Imam ya naɗa waziri a Magana Jari Ce saboda basirarsa, wanda a daji cikin garke yake kwana da tashi, ga shi shi kaɗai a keji yana kallon bango. Wace ƙwaya ce za ta zame masa garke?

Mutanen ƙasar nan ma suna da nasu tsohon ilimin. Masu kiwon shaho, waɗanda ke taruwa a Malham da ke arewacin Riyad don bikin Sarki Abdul'aziz, suna rufe idon tsuntsun da 'yar hular fata don ya natsu, su ɗauke shi a hannu kwana da kwanaki suna yi masa magana har ya saba da muryarsu. Sun san tsoro ba ya horar da shaho. Garin kuma ya sauya a gaban idonmu. A 2008 hukumar Hisba ta sanar da hana sayar da karnuka da kyanwoyi a Riyad. Yau ga kantunansu da asibitocinsu a manyan tituna, kuma tun 2013 ƙasar ta amince da dokar kyautata wa dabbobi ta ƙasashen yankin Gulf. 'Ya'yanmu da ke tasowa a nan, da na London da Toronto, za su ci gaba da roƙonmu kyanwa da zomo da tsuntsu. Kafin mu ce to, mu tambayi kanmu wa zai zauna da dabbar in mun tafi gida hutu.

Mu da ke zaune a ƙasar wasu ya kamata mu fi kowa gane wannan. Akwai a cikinmu wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake ba shi abinci sau uku, ga sanyin na'ura, amma ba mai kiran sunansa yadda mahaifiyarsa ke kira, ba shi kuma da ikon buɗe ƙofa. In aka ce masa ai ba abin da ya rasa, ya san amsar a ransa ko da bai furta ba.

Gambo ya ɗauki kusan wata biyu kafin fitsarin ya daidaita, gashin cikinsa kuma ya tsiro. Wajen yara ya koma yadda yake. Ni ne har yanzu in na miƙa hannu yakan ɗan noƙe kai kafin ya yarda in taɓa shi, kuma duk ranar da ya yi haka nakan tuna da silifan nan. Bana da za mu tafi, wani ɗalibi ɗan'uwanmu ne ya tare a gidan har muka dawo. Dardumar kuwa na koyi naɗe ta in ɗora a kan kabad, abin da tun farko ya fi duka sauƙi.

Allah Ya yafe mana abin da muka yi wa bayinSa marasa baki cikin jahilci, Ya sa mu cikin masu jinƙan da ake jinƙai.