Darasi Daga Wasan Dara

Duk wanda ya taɓa kallon 'yan dara a gindin darbejiya a Gagarawa ya san gurabe 30 ne, kowa da 'ya'ya 12. Tun a wajen kasawa ake gane halin mutum. Wani yakan warwatsa 'ya'yansa don ya mamaye fili, wani kuwa ya tara su wuri guda yana jiran ya jera uku ya ci.

To, wanne ya fi dabara? Mai mamaya yana da hujja, domin gurbin da ka bari abokin karawa ne zai zauna. Sai dai 'ya'yan da suka yi nisa da juna ba sa haɗuwa su ci. Mai tarawa kuma in ya cika jira, sai a toshe masa hanya.

Haka lamarin yake gare mu marubuta. Wani yakan fitar da littafi biyar a shekara, duk ɗanyu, sunansa ya zube. Wani kuma yana ta gyara har gara ta cinye takardun. Na farko kwaɗayi ya kira himma, na biyu tsoro ya kira haƙuri. Kowa ya tambayi zuciyarsa wanne ke damunsa kafin ya doshi maɗaba'a.